Angulu da kan zabo: Fasta daban, waƙa daban!

KWANAN baya wata 'yar ƙanwa ta ta zo hutu gida na. Ran nan da daddare, bayan an idar da sallar isha'i, sai ta matso kusa da ni da 'yar wayar ta, ta ce, "Kawu, don Allah ka ɗan sammin data. Akwai sabuwar waƙa da aka saki yau, tun safe ƙawaye na ke ta maganar ta." Na ce ta kawo in ga waƙar da ta hana yara sakat.

Hoton da ke kan bidiyon, wato wanda ake fara gani a YouTube kafin a latsa, ya isa a tsaya a kalle shi. Ga wata fitacciyar jarumar finafinan mu cikin kayan amare, ta sha lalle har gwiwar hannu. Ga mawaƙin a gefen ta cikin farar shadda da babbar riga, a bayan su ga dankareren gida mai hawa biyu da baƙar jif. An rubuta sunan waƙar da haruffa masu ruwan gwal. Ni kai na, da furfura ta, sai da na gyara zama.

Mu ka latsa. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu mu na jiran jarumar ta fito, har waƙar ta ƙare ko inuwar ta ba mu gani ba. Wata yarinya ce daban, sabuwar fuska, cikin doguwar riga shuɗiya. Mawaƙin kuwa riga mai gajeren hannu ce a jikin sa da wandon jins. Gida babu, jif babu, a wani lambu aka ɗauki komai, tsakanin bishiyar mangwaro da wata katanga da ba a gama shafe ta ba. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kawu, ko dai ba ita mu ka buɗe ba?" Na ce ita ce, 'yar nan, angulu aka sayar mana da kan zabo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waƙar ba ta da laifi. Muryar yaron na da daɗi, sabuwar yarinyar ma ta iya taka rawa daidai gwargwado. Da gaskiya aka faɗa mana tun a hoton, da mun kalla mun yaba. Amma da ya ke an ɗora mana rai a kan abin da babu, sai mu ka tashi da jin an cuce mu. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin abin ya daɗe ya na ci mani tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Magana ta guda ɗaya ce: fasta, da kwali, da tirela, da hoton da ake liƙa wa bidiyo a intanet, duk alƙawari ne tsakanin mai waƙa da mai kallo. Abin da ka nuna mani a waje, shi na ke da haƙƙin in tarar a ciki. Fuskar ta zama fuskar, kayan su zama kayan, wurin ya zama wurin, kalar ta zama kalar, sunan ya zama sunan. Duk wanda ya saɓa wannan, ko dai mayaudari ne ko kuma bai san aikin sa ba. Kowanne daga cikin biyun abin kunya ne ga industirin da ta haura shekara 35 da kafuwa.

Lokacin da kwali ya ke kuɗi

Matasan yanzu ba za su gane darajar kwali ba sai an ɗan koma baya. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da 'Turmin Danya', har zuwa zamanin sidi, kwali ne ginshiƙin cinikin fim. Tsarin da aka daɗe a kan sa shi ne, furodusa ya gama fim ɗin sa, ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai tare da masta. Su ne za su gurza kaset, su sa a kwali, su sayar. Abin da furodusa zai samu kuwa a kan yawan kwalin da ya shiga ake lissafa shi. Ka ga ke nan takardar nan da ake naɗe kaset da ita, ita ce jarin mutum gaba ɗaya.

Haka kuma waƙa ce ke jan fim. Duk wanda ya yi wayo a 1999 ya san yadda tirelar 'Sangaya' ta kamfanin Sarauniya ta karaɗe gari. Waƙar da rawar su ne su ka fara shiga zukatan jama'a, sannan fim ɗin ya biyo baya. Da mutane su ka sayi kaset, sun tarar da Ali Nuhu da Fati Muhammad ɗin da aka nuna masu, da waƙar da su ka ji, da rawar da su ka gani. Alƙawari ya cika, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai dai daga nan ne wasu su ka ɗauki darasin a baibai. Tunda waƙa da kwali ne ke sayar da fim, sai aka koma fara ɗaukar waƙa tun kafin a san labarin da za a yi, a yanka tirela da ita, a nuna wa ɗan kasuwa ya ba da kuɗi. Daga baya a zo a ƙirƙiro labari a cusa waƙar a tsakiya ko ta dace ko ba ta dace ba. Kwali kuma ya zama dandalin cika baki. Ni da kai na na taɓa sayen wani fim a Bata saboda a jikin kwalin an sa wani babban jarumi a tsakiya, ya cika rabin takardar, fuska a murtuke. Da na je gida na kunna, sau ɗaya ya fito, ya yi sallama, ya zauna a kujera, ya yi nasiha ta minti biyu, ya tashi. Shi ke nan aikin sa a fim ɗin. Yaran da su ka ja fim ɗin tun daga farko har ƙarshe kuwa an tura hotunan su can ƙasan kwali, ƙanana kamar hoton fasfo.

To kaset ya mutu, sidi ya bi shi, kasuwar kwali ta watse. Na ɗauka halin zai mutu tare da su. Ashe ƙaura kawai ya yi, ya koma YouTube da Instagram da TikTok da Audiomack. Kwalin zamani ba a buga shi a injin, ba a biyan kuɗin takarda, cikin minti goma yaro zai haɗa shi a waya. Ƙarya ta yi arha, shi ya sa ta yi yawa.

Kalolin algus

Na farko, kuma mafi muni, shi ne fuskar aro. A shiga shafin wata jaruma a Instagram a kwafo hoton ta, a yanke, a manna a gefen mawaƙin da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Wani lokaci har da rubutu mai harshen damo a ƙasa, irin wanda zai sa mai gani ya yi zaton wani abu. Jama'a, a ƙasar nan hoto ba abin wasa ba ne. Mun ga yadda a cikin Oktoba 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga industiri saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa ta ClassiQ. Ko ka goyi bayan hukuncin ko ba ka goya ba, ya nuna maka nauyin da hoton mace ke da shi a idon al'ummar mu. To ita wannan aƙalla ta san ta yi bidiyon. Ina ga baiwar Allahn da ta na zaune a ɗakin ta, wataƙila ma ta yi aure ta bar harkar, sai dangin miji su ga hoton ta a kan waƙar da ba ta san da ita ba? Wa zai bi su gida-gida ya yi masu bayanin cewa haɗi ne na kwamfuta?

Na biyu shi ne dukiyar aro: gidan da ba a shiga ba, motar da ba a hau ba, jirgin saman da ko filin sa ba a je ba. A da sai mai girafik ya sha wahalar yankowa daga wata mujalla ko intanet. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, rubuta mata kawai za ka yi ta zana maka fada irin ta sarakunan Larabawa. Har mutane ta ke ƙerawa, shi ya sa za ka ga fasta da wata kyakkyawa wadda babu ita a duniya, wani lokaci da yatsu shida a hannu ɗaya, ko ɗaurin ɗankwalin da babu wata Bahaushiya da ta taɓa yin irin sa.

Na uku shi ne fatar aro. Yarinya baƙa ce, kyakkyawa, son kowa. A cikin bidiyo haka ta fito da kalar da Allah ya ba ta. A fasta kuwa an wanke ta da Photoshop har ta koma kamar 'yar Labanan, an goge duk wani layi na fuskar ta, hanci ya ƙara tsawo. Uwar da ta haife ta ma sai ta duba sau biyu. Ban da yaudarar mai kallo, wane saƙo mu ke aika wa 'yan matan mu? Cewa baƙar fata aibi ce da sai an ɓoye ta kafin a yi talla? Sannan gobe mu dawo mu na wa'azi a fim a kan illar man bilicin!

Na huɗu shi ne suna da rubutu. A fasta an rubuta sunan waƙa iri ɗaya, a farkon bidiyo an rubuta wani iri, a Audiomack kuma wani iri na uku. Nan a haɗe kalmomi, can a raba su. Nan da haruffa masu lanƙwasa irin na katin biki, can da irin na allon kanti. Haruffan mu masu ƙugiya kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, an mai da su marayu. Alhali kowa ya san 'ƙafa' daban 'kafa' daban, 'ɓata' daban 'bata' daban. Mawaƙin da bai tsayar da yadda ake rubuta sunan waƙar sa ba, ta yaya ya ke so mai neman ta ya same ta?

Na biyar shi ne kala. Wannan ya fi sauran laushi, amma ido na ganin sa ko da baki bai iya faɗa ba. Waƙar rabuwa ce, ta hawaye, darakta ya ɗauke ta da yamma liƙis, edita ya rage hasken ta don ta dace da baƙin cikin da ke ciki. Sai ga fasta ja-wur da rawaya da kore, mawaƙi na washe baki kamar tallar man goge haƙori. Wanda ya zo neman waƙar biki ya buɗe ya tarar da makoki, wanda ke neman waƙar da za ta taya shi jimami kuma ya wuce bai tsaya ba. An yi asarar duka biyun.

Yaudara da sakaci

Don in yi adalci, ba duk wanda fastar sa ta saɓa wa bidiyon sa ba ne ya yi niyyar cuta. Da yawa sakaci ne da rashin tsari. Na zauna da wani yaro mai haɗa fasta a wani shago da ke Titin Gidan Zoo a Kano, na tambaye shi me ya sa su ke yin haka. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wallahi yawancin waƙoƙin da na ke yi wa fasta ban taɓa ganin bidiyon su ba, wasu ko waƙar ban ji ba. Mutum zai turo mani hoton sa ta WhatsApp da sha biyun dare, ya ce in haɗa masa mai zafi, gobe zai saki. Hoton ma na sallar bara ne. Me zan yi?"

Ka ji inda gizo ke saƙar. Mai waƙa ya yi tasa a situdiyo ya tafi. Darakta ya je lokeshin ya ɗauki bidiyo da kayan da aka samu a ranar. Edita ya yi gyaran kala yadda ran sa ya so. Mai girafik na can wata unguwa ya na aiki da tsohon hoton da WhatsApp ya riga ya matse shi ya rage masa inganci. Mai kula da shafin mawaƙin kuma ya ga fastar ba ta yi masa ba, ya haɗa tasa a Canva. Mutum biyar, aiki ɗaya, babu wanda ya zauna da wani. In kayan su ka fito su ka yi kama da juna, to sa'a ce kawai.

Hujjojin su

Na san abin da za a ce, domin na sha jin sa. Za a ce, "Malam, kasuwa ce. In ba ka sa abin da zai ja ido ba, ba mai latsawa." To bari mu yi maganar kasuwar. Tun a 2012 YouTube ya sauya tsarin sa, ya koma ba da fifiko ga tsawon lokacin da mutane su ka ɗauka su na kallon bidiyo, maimakon yawan latsawa kawai. A 2018 kuma ya gindaya sharaɗin cewa kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ma'ana, mutumin da ka yaudara ya latsa, ya ga ba abin da ya zo nema ba ne, ya fice bayan daƙiƙa ashirin, bai ƙare ka da komai ba. Hasali ma shaida ya bayar a kan ka, domin na'urar ta rubuta cewa mutane na gudun bidiyon ka, sai ta rage nuna shi ga wasu. Sannan a Disamba 2024 kamfanin ya sanar da cewa zai fara cire bidiyoyin da taken su ko hoton su ya yi alƙawarin abin da babu a ciki, ya kuma fara da Indiya, musamman a kan bidiyoyin labarai. Mai hankali in ya ga gemun ɗan'uwan sa ya kama da wuta, ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Kuma shi mai kallon da ake raina wa wayo, kyauta ya ke kallo? A Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibar da ta tara kuɗin tara ta sayi data, da ɗan acaɓan da ya ware wani abu daga cinikin yini, kuɗin su su ka kashe a kan alƙawarin ka. Mai tumatir da ya jera manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, sunan abin da ya yi algus, kowa ya sani. Don an koma yin sa da kwamfuta sunan bai canza ba. Kuma mai tumatir ɗin ma sau ɗaya ya ke yi maka, gobe ka canza layi.

Za a ce kuma, "Ba mu da kuɗi, mu ba Legas ba ne." Wannan ita ce hujjar da ta fi kowacce rauni. Nawa ake kashewa a tsayar da ɗaukar bidiyo na minti goma, a ce jarumi da jaruma su tsaya a inda su ke, da kayan da ke jikin su, a ɗauke su hoto? Kyamarar na nan, hasken na nan, mai kwalliya na nan, an riga an biya kowa. Haɗa ƙaryar ma ya fi wannan cin lokaci. Lokacin kullen korona a 2020, da waƙar 'Jaruma' ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje har matan aure su ka riƙa gasar rawa da ita, gidan bene ne a fasta ya kai ta can? Waƙar ce ta kai kan ta. Abu mai kyau shi ke sayar da kan sa, aikin fasta shi ne ta nuna wa mutane ƙofa.

Hujja ta uku ta fi sauran ma'ana, don haka zan ba ta haƙƙin ta. Masu ita na cewa fasta fasaha ce mai zaman kan ta, ba dole ba ne ta zama hoton da aka ciro daga bidiyo. Na yarda. Mai zane na da damar ya yi hikima, ya yi ishara, ya zana fure ko zobe ko hanya maimakon fuskar mutum. Amma hikimar ta fito daga cikin waƙar. Dubi Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa Fela Anikulapo-Kuti bangon faifai 26, tun daga 'Alagbon Close' a 1974. Zane ne na hannu, wani lokaci har da barkwanci, amma duk wanda ya kalli bangon ya san abin da zai ji a ciki, domin mai zanen ya san waƙar, ya san mai waƙar, ya san abin da ya jawo aka yi ta. Shi ya sa har yau ake baje kolin waɗannan zane-zane a ƙasashen duniya. Wannan daban, manna hoton jif ɗin da ba taka ba daban.

Su Indiyawan da mu ke kwaikwayo dare da rana, me ya sa ba mu kwaikwayi wannan ba? Baƙar jaket ɗin fatar da Shahrukh Khan ya sa a fastar 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' na 1995, ita ce dai ka ke gani a jikin sa cikin fim, har ta zama alamar fim ɗin. A Amurka, da Beyonce ta fitar da kundin ta 'Lemonade' a 2016, hoton bangon daga cikin ɗaukar fim ɗin kundin aka ciro shi, da kitson da rigar da komai. Matar da ke da kuɗin da za ta ɗauki duk mai hoton da ta ga dama a duniya, ta tsaya a kan abin da ke cikin aikin ta. Mu da ba mu da ko sisi mu ne ke ƙyamar namu.

Marubuta, ku ma kar ku yi dariya

Ina jin wasu 'yan'uwa na marubuta na cewa Allah ya ƙara, a gaya wa 'yan fim gaskiya. To ku dakata, kanwar ja ce. Sau nawa mu ka sayi littafi, a shafi na uku marubuciya ta ɓata layi goma ta na siffanta tauraruwar ta: baƙa ce, doguwa, mai wushirya, 'yar wani ƙauye a ƙasar Rano, tallar fura ta ke yi. Ka juya bango sai ka ga jarumar Indiya da sari da ɗigo a goshi, ko wata Balarabiya da aka kwafo daga intanet. Masu zanen hannu na shekarun 1990, duk da ƙarancin kayan aikin su, sun fi mu ƙoƙari, domin aƙalla Bahaushiya su ke zanawa da zane da mayafi. Yanzu da littattafai su ka koma waya, bangon ya koma hannun ƙirƙirarriyar basira, kowace tauraruwa fara sol, fuska iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya ne.

Mafita

Gyara kayan ka bai zama sauke mu raba ba. Abin da na ke roƙo ba ya buƙatar tallafin gwamnati ko taron bita a otal.

Da farko, tun kafin a fita lokeshin a zauna: mawaƙi, darakta, mai kayan sawa, edita da mai girafik. Kowa ya ji waƙar. A tsayar da kala biyu ko uku da za su zama na wannan aikin, a tsayar da kayan da za a sa, a tsayar da irin haruffan da za a rubuta suna da su, a rubuta sunan waƙar a takarda da ƙa'idar Hausa, kowa ya kwafa daga nan. Zaman awa ɗaya ne da shayi.

Na biyu, a ɗauki hotunan talla a ranar ɗaukar bidiyo, a wurin, da kayan. Kuma mai hoton ya tuna cewa gidajen da hoton zai shiga fasalin su ba ɗaya ba ne. YouTube na son mai faɗi, 16 da 9. TikTok da sitatus na WhatsApp na son na tsaye, 9 da 16. Audiomack da Spotify na son mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida. In an ɗauki kowanne tun a lokeshin, an huta da yanke kan jaruma ko miƙe fuskar mawaƙi har ta koma kamar faranti.

Na uku, kar mai girafik ya taɓa aiki sai ya kalli bidiyon bayan edita ya gama gyaran kala, kuma a ba shi hotunan na asali a filashi ko a tura masa su a matsayin fayil. Idan za a buga fastar a takarda ko bana, ya sani cewa kalar allon kwamfuta, wadda haske ne na ja da kore da shuɗi, daban ta ke da kalar injin buga takarda mai tawada huɗu. Shuɗin da ke ƙyalli a allo ya kan fito a dushe a takarda. A buga gwaji guda ɗaya a duba kafin a buga dubu.

Na huɗu, a bar wa mutane fatar su. A gyara haske, a cire ƙurji in ya fito ranar, amma wanda ya ga yarinya a fasta ya gane ta in ya gan ta a bidiyo.

Na biyar, ƙungiyoyin 'yan fim da na mawaƙa su sa doka a tsakanin su: duk wanda ya sa hoton wani a tallar aikin da ba ya ciki, ba tare da izinin sa ba, a hukunta shi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta daɗe ta na auna tsawon riga da irin rawar da aka taka. Ina roƙon ta, duk lokacin da aka kawo mata aiki, ta ce a ajiye fastar a gefen bidiyon ta kalle su tare. Kare mai kallo daga yaudara shi ma tarbiyya ce.

Saura mu 'yan kallo. Mu ne mu ka ɗaure wa abin gindi, domin in an cuce mu sai mu yi tsaki mu wuce, gobe a sake. In ka buɗe bidiyo ka tarar ba abin da aka nuna maka ba ne, ka faɗa a ƙasan sa cikin ladabi, ba zagi. In an maimaita, ka daina bin tashar. Ranar da mai tasha ya ga mabiya na raguwa, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ga ƙanne na mawaƙa masu tasowa kuwa, shawara ce ta ɗan'uwa. Lambun nan da bishiyar mangwaron da katangar da ba a shafe ba, ba abin kunya ba ne, nan ne ƙarfin ka ya kai a yau. Ka ɗauki hoton ka a nan, da yarinyar da ta yarda ta fito a waƙar ka lokacin da manyan ba su san da kai ba, ka sa fuskar ta a fasta domin haƙƙin ta ne. Idan Allah ya ɗaga ka, jif ɗin za ta zo, kuma ranar ba sai an manna maka ita ba.

Ita kuwa 'yar ƙanwar tawa, da za ta koma gida na tambaye ta ko ta sake jin sabuwar waƙar mawaƙin nan, domin na ga ya saki wata. Ta ce, "Kawu, na ga hoton, amma ban buɗe ba. Wa ya sani ko wannan ma ƙarya ce?"

Mai kunne ya ji. Allah ya sa mu gyara, amin.